Gadeniya da zafin Birnin Kebbi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina renon dashe a Birnin Kebbi. Mangwaro da gwaiba da darbejiya su ke kawo kuɗin cefane, don mai gona ba ruwansa da ƙamshi. Furanni daga baya suka shigo, da sababbin gidaje suka yawaita wajen Gesse, matan gida suka fara neman abin da zai ƙawata tsakar gida.

Wata Hajiya ce ta ja ni cikin sha'anin gadeniya. Ta miƙo mini waya, ga hoton wani ɗan itace mai ganye kore shar kamar an shafa masa mai, da fure fari fat, a ƙofar gidan 'yarta a Amurka. Ta ce dusar ƙanƙara kan rufe shi, kuma ba ya mutuwa. "Malam, abin da ƙanƙara ba ta kashe ba, mi za ya kashe shi nan?" Na ce, "Gaskiyarki, Hajiya." Da bakina na faɗa. Na aika wa wani dillali a Abuja kuɗin guda 30, suka iso a watan Fabrairu, kowanne da 'yar takarda a wuya an rubuta Frostproof, wato sanyi ba ya yi masa illa.

Ashe ban yi tambayar da ta dace ba. Asalin wannan itace kudancin Sin ne da Japan, inda ruwa ke da yawa, iska kuma da laima. Sunan gadeniya ma na wani likita ne ɗan Sikotland, Alexander Garden, wanda ya zauna Amurka a ƙarni na 18. Irin su Frostproof da Kleim's Hardy an zaɓo su ne domin masu lambu na ƙasashen sanyi. Mu kuwa sanyin da muke kwana da wuta saboda shi, wajen digiri 15 zuwa 18 da dare, shi ne daidai abin da gadeniya ke so ta ɗaure toho. Makamin da aka ba ta na yaƙin da ba a yi a nan ne.

Afrilu na kamawa, zafi ya haura digiri 40, na ga ikon Allah. Na jera su a fili cikin baƙar leda kamar yadda nake jera mangwaro. Ledar ta ɗauki zafi har ba ta taɓuwa, saiwa ta dahu a ciki, bakin ganye ya ƙone, toho ya riƙa zuba tun bai buɗe ba. Kullum da safe sai na tsince su a ƙasa kamar ɗanyen dabino. Guda 18 suka tafi.

Na kwashe sauran zuwa ƙarƙashin mangwaro, na sauya musu tukwanen ƙasa, waɗanda ke sanyaya saiwa kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Sun farfaɗo, sai kuma wata sabuwa: ƙananan ganye suka koma rawaya, jijiyoyinsu kaɗai ke kore. Yarona ya ce yunwa ce, ya barbaɗa musu toka. Abu ya ƙara lalacewa. Wani malamin gona da ke sayen dashen lemo a wurina ya tsinki ganye ɗaya, ya ɗaga shi a rana, ya tambaye ni wane ruwa nake ba su. Na ce na burtsatse. Ya ce to nan gizo ke saƙa. Gadeniya ƙasa mai tsami take so, 5 zuwa 6 a ma'aunin tsami da ake kira pH. Ruwa mai nauyi irin na burtsatsena da toka suna kashe tsamin, daga nan sinadarin ƙarfe ya ɗaure a ƙasa, yana nan amma saiwa ba ta iya sha. Abinci a gaba, baki a ɗinke.

Tun daga ranar, ruwan sama nake tara musu a tanki da damina, ba wanda ke taɓa shi ko da na wanke hannu. Ƙasar tukunya kuwa da kaina nake haɗawa: ruɓaɓɓen ganye, ɗan yashi, da ɓuntun shinkafa wanda ya shekara ya ruɓe. Ɓuntu dai ba a nemansa a Kebbi, amma kada a sa ƙonanne, hukuncinsa ɗaya da toka. Taki kaɗan-kaɗan, mai salfa, da maganin ƙarfe in rawaya ta nuna kai. Rana ta safe kawai, zuwa ƙarfe goma. Ba na ban ruwa sai na tura yatsa na ji saman ƙasa ya fara bushewa, don ba ta son ƙishirwa, ba ta kuma son ƙafarta a cikin ruwa. Da hunturu nakan kewaye su da zana, in jiƙa ƙasan wurin. Wasu fararen ƙwari masu kama da auduga kan maƙale a hammatar ganye, su bar baƙin dauɗa kamar kunkunniya. Ruwan sabulu da man darbejiya da yamma ya ishe su.

Yanzu ba na sayowa daga ko'ina. A Yuli da Agusta nake yankan reshe kamar tsawon taƙi, in cire ganyen ƙasa, in dasa a yashi mai damshi in kifa roba. Wata ɗaya zuwa biyu ya yi saiwa. Sai dai ba kowa nake sayar wa ba. Wanda tsakar gidansa siminti ne ba inuwa, ko wanda ya ce maigadi zai kula, nakan nuna masa boganbiliya, wani fure mai jure rana, mu rabu lafiya. Riba ta ragu, amma ba a dawo mini da mushe ana harara.

Abin da ya fi ba ni dariya, gauɗen da muke ci muna yara a daji ɗan uwan gadeniya ne na jini, yana tsaye cikin wannan zafin ba mai ba shi ko kofi ɗaya. Bana na haƙo ƙanana uku, ina gwada aure a kansu, wato haɗa reshen gadeniya a jikinsu.

Hajiya kuwa ta sami nata biyu bayan shekara guda. Ranar da furen farko ya buɗe ta kira ni da magariba, ta ce ƙamshin har ɗakinta. Washegari ta sake kira, rai a ɓace: furen ya yi ja-ja. Na ce, "Ranki shi daɗe, an taɓa shi?" Ta yi shiru, sannan ta ce jikokinta bakwai duk sai da kowa ya shafa ya shinshina.