Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kalmomi Uku da Baba Ya Kasa Riƙewa

Makon jiya na tsaya a daren da aka tsinci Baba a bakin Kasuwar Dole yana tambayar masu shayi hanyar Birni, unguwar da aka yanke masa cibiya. Washegari gida ya rabu biyu. Gwaggo ta ce sammu ne daga abokan dukanci, Yaya ya ce gigin tsufa ne, a bar tsoho ya huta. Ni dai na samo adaidaita muka nufi likita.

Lokotoron bai yi gaggawa ba. Ya ce, "Baba, ku riƙe mini kalma uku: lemo, makulli, tabarma." Suka ɗan taɓa hira kan farashin fata, sannan ya nemi kalmominsa. Baba ya juyo ya dube ni, irin duban yaron da ya ɓace ranar kasuwa. Ko ɗaya bai kawo ba.

"Hajiya, akwai abin da yake sha?"

Na fiddo ƙwayoyin barcin da nake saya wurin mai tallar magani, don Baba ya daina yawon dare. Ya karanta bayan takardar, ya ce prometazin ne, ya yi shiru. Sai ya jawo takarda ya yi mini zane. Ƙwaƙwalwar mutum, in ji shi, tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma ba manne suke da juna ba. Tsakaninsu akwai ɗan siririn gibi, sai wani sinadari ya tsallaka da saƙo kamar ɗan aike. 'Yan aiken nan iri-iri ne. In dofamin ya yi ƙaranci, shi ne kake ganin rawar hannu da sanƙarewar jiki na cutar Parkinson. Na riƙe sabon abu da tattara hankali kuwa, asetilkolin ne babba. A cutar Alzheimer, wadda wani likitan Jamus ya fara bayyanawa a 1906, ƙwayoyin da ke samar da shi mutuwa suke yi sannu a hankali. Sai a 1976 masu bincike a Birtaniya suka gano wannan ƙarancin. Ƙwayar da nake ba Baba kuma, ƙofar da ɗan aiken yake shiga take toshewa.

"Rijiya ce ruwanta ya ja baya," ya ce, "aka kuma ɗora mata murfi."

Wata huɗu ina ba shi da hannuna, cikin kunun dare. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi, kuma duk tsohon da na ji an ce ana ba shi maganin barci ko na mura daga tire, sai na sa baki ko ba a tambaye ni ba.

Aka ɗebi jini don a duba bitamin B12 da aikin ƙullin maƙogwaro, tunda ƙarancinsu na kawo irin wannan ruɗewar kuma ana warkewa. Nasa lafiya lau, abin da ya sa jikina ya ƙara sanyi. Ya rubuta donepezil, miligiram 5 kowane dare. Aikinsa hana a share ɗan asetilkolin da ya rage da wuri. Bai ɓoye mini ba: ba ya warkarwa, jinkiri kawai yake sayo mana, kuma in zawo ko amai ko jiri ya taso mu dawo.

Sati uku da daina ƙwayar, gyangyaɗin rana ya ragu. Wata hantsi Baba ya ce a miƙo masa basilla da jar fata. Ya zauna a zaure ya ɗinka alabe, ɗinkin nan ƙanana a jere kamar haƙoran kifi, bai karkace ko sau ɗaya ba. Daga baya lokotoro ya ce gwanintar hannu a wani sashe daban na ƙwaƙwalwa take zaune, cutar kan jima ba ta kai can ba.

Da ya gama sai ya goge alaben a rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Baiwar Allah, in kin ga autata, ki ba ta."

Na karɓa na ce, "To Baba, zan ba ta."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda muka kwashe da Gwaggo ranar da ta zo da mai turaren aljanu.