Darasin da aka gama a zauren Kawu

A yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ci wata takwas, ƙanena ya gaji da zaman majalisa a Gwammaja. Wata rana ya ce min, "Yaya, buɗe min Coursera ɗin nan da kake ta zance." Coursera shafi ne na darussan intanet. Na sa shi a darasin Python, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, na Jami'ar Michigan. Sati biyu ya yi ya ajiye, kuma yaron yana da kai. Data ce ke ƙarewa, wuta ta ɗauke, in ya maƙale kuma ba wanda zai tambaya.

Da abokansa huɗu suka shigo sai abin ya canza. Kowace Asabar bayan la'asar suna zauren Kawu, ɗaya ya sauke bidiyoyin cikin dare lokacin da data ke araha, ya tura wa saura. Wanda ya gane ya yi wa sauran bayani da Hausa. Huɗu cikin biyar suka kai ƙarshe.

Tun daga nan na daina yarda cewa darussan intanet za su rufe jami'a. An yi wannan zancen a 2011, lokacin da mutum wajen 160,000 suka yi rajistar darasin intanet na Jami'ar Stanford da Sebastian Thrun da Peter Norvig suka koyar. Kimanin 23,000 ne suka kammala. Ita ma edX, shafi irin Coursera da jami'o'in Harvard da MIT suka kafa a 2012, an sayar da ita a 2021. Wanda ya yi ƙarko a ganina shi ne irin na jami'ar Georgia Tech, da ta fara digiri na biyu a ilimin kwamfuta ta intanet a 2014, da takardar jami'a ta gaske.

A nan ma takardar ce magana. Shaidar Coursera ba ta kai ka bautar ƙasa, kuma Baba bai taɓa ɗaukar ta karatu ba. Burina in ga jami'o'inmu na Kano sun zaɓi irin waɗannan darussa sun ba su maki, malami ya zauna da ɗalibai sau ɗaya a mako, a rubuta jarabawa a gabansa. Ajin da mutum ɗari biyar ke cushe, na baya ba ya jin na gaba, shi ya fi buƙatar wannan.

Ƙanena ya koma makaranta da aka janye yajin a watan Oktoba. Su biyu cikinsu har yanzu suna haɗuwa a zauren ranar Asabar, yanzu yaran unguwa suke koyarwa.