Wace mota ce za ta ja akurkin Malam?

Uwargida ce ta raɗa masa suna akurki, sunan kuma ya bi shi. Yaran unguwarmu a Birnin Kebbi amalanken Malam suke cewa. Mai waldar da ya ƙera shi kuwa bai yarda a kira shi da komai ba sai tirela, duk da in ka ce tirela a nan hankalin kowa kan doguwar motar siminti yake tafiya. Ɗan ɗaki ne a kan taya biyu, ƙashinsa ƙarfe, jikinsa falanki an lulluɓe da alminiyam. A ciki akwai katifa da fanka da tagogi biyu masu raga, a kan rufin kuma faifan sola.

Bikin kamun kifi na Argungu na watan Maris 2020 ne ya jawo shi. Masauki ya gagara a garin, na kwana biyu a kujerar mota, sauron kogin Matan Fada ya yi walima da ni. Ga kuma gonar shinkafata ta rani a fadamar can, wadda lokacin ban ruwa da yanka ke sa ni kwana a bukkar zana. Na ga irin ƙananan ɗakunan da Turawa ke ja a bayan mota a YouTube, na kai wa mai walda hoton a waya, ya duba ya ce wannan ai ba aiki ba ne. Sai da abin ya kammalu na lura ban taɓa tambayar kaina abin da zai ja shi ba. Ina da Corolla 'yar 2006, otomatik, ban kawo komai a raina ba.

Mai waldar ma ya ƙara mini ƙwarin gwiwa. "Malam, wanga abu ko Keke Napep ta ja shi. Wallahi bai kai kilo 400 ba." Ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya liƙa ƙugiya a wani siririn ƙarfe bayan bamba, ya buga da guduma ya ce an gama.

Ranar fitarmu ta farko cikin watan Afrilu ce, lokacin da zafin Kebbi ke haura 40 a ma'auni. Ni da ƙanena a gaba, yaran aiki biyu a baya. Ƙofar akurkin a baya take, don haka duk abin da ya zo hannu nan bakin ƙofa aka tura shi: jarkar ruwa huɗu, babban batir, tukunyar gas, injin ban ruwa. Mun wuce Ambursa da kaɗan, ina kan gudun kilomita 80, wata babbar mota ta zo ta gifta mu. Iskarta na bugunmu na ji bayan Corolla ya yi dama, ya dawo hagu, ya sake yin dama fiye da na farko. A madubi na ga akurkin yana kaɗa gindi kamar wutsiyar kifin da aka jefo a tudu. Ƙanena ya dafe gaban mota yana salati, yana cewa "Yaya, birki! Birki!" Allah ne ya hana ni takawa da ƙarfi. Na ɗaga ƙafa daga totur kawai na riƙe sitiyari sambal, rawar ta ragu da kanta, muka gangara gindin wani dogon yaro.

Da na buɗe ƙofa wani ƙauri ya tare ni, irin na man da ya ƙone a kasko. Muka mayar da batir da jarkoki can ƙuryar gaba, muka jira motar ta huce, muka ƙarasa Argungu a hankali kamar masu rakiyar amarya. Bayan kwana uku na kai ta wurin bakanikena. Ya ɗiga man giya a farar takarda, maimakon ja ya fito kamar ruwan shayin da ya kwana. Ya shinshina ya dube ni. "Malam, injin ba shi da laihi. Giya ta ta dahu. Mi ka ɗora mata haka?"

Ban san amsar ba, shi ya sa na roƙi alfarma a wani kamfanin casar shinkafa da ke da sikelin auna manyan motoci. Akurkin ba komai a ciki ya ba da kilo 560. Da kayan da muka tafi da su rannan ya tashi 810. Lissafin ba shi da wuya in mutum ya zauna ya yi shi: litar ruwa kilo ɗaya ce, jarka huɗu mai lita 25 kilo 100 ke nan tun ba a je ko'ina ba, batirin sola kusan 60, sauran kuma a gas da injin da tukwane da buhun abinci. Na lalubo littafin Corollar, wanda tun da na saye ta yake kwance a aljihun gaba ban taɓa buɗewa ba. Motar Amurka ce, don haka da laba suke rubutu: laba 1,500 ce iyakar abin da aka yarda ta ja. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, in ka juya kilo 680 ne. Na zarce da kilo 130, a ranar da kwalta ke narkewa.

Akwai wata lamba kuma da ta fi wannan ɓoyuwa. Wuyan tirela yana danna bayan mota, kuma dole ya danna. Ƙa'idar masu ja ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukan nauyin ya sauka a kan ƙugiya. In ya gaza haka, wato kaya sun taru a bayan tayoyi, shi ne rawar da ta kusa kifar da mu. Nawa akurkin ke nan yana bukatar kilo 80 zuwa 120 a wuya. Na ari sikelin mai sayen shinkafa, na kafa guntun katako a kai, na ɗora wuyan, na dinga matsar da batir gaba da baya har allurar ta tsaya a 90. To wannan 90 ɗin ba a iska yake ba, motar ce ke ɗauke da shi, kamar ka ƙara ƙato guda a but. In ka buɗe ƙofar direba a motocin Amurka za ka ga 'yar takarda a manne a jikin ginshiƙi, tana faɗin iyakar nauyin mutane da kaya gaba ɗaya. Ta Corollata ba ta cika kilo 400 ba. Maza huɗu da wuyan akurki sun cinye ta tas, buhun shinkafa ko ɗaya ba shi da wuri a dawowa.

Daga nan aka shiga neman mota, kuma duk wanda na yi wa maganar amsarsa guda ce: Hilux. A majalisarmu ta bayan la'asar har an gama saya mini. Ba na musun ƙarfinta. Amma akurkin nan sau nawa zai fita a shekara? Bai fi goma sha biyu ba. Sauran kwanakin motar makarantar yara za ta yi, da kasuwa, da kai uwargida biki Jega. Kuɗin Hilux mai lafiya ya fi ƙarfin ɗan fansho, ga mai da ya zama abin da ya zama tun da aka cire tallafi a watan Mayu 2023. Sannan a wannan zamani, a hanyoyin yankinmu, ban ga dalilin shiga motar da za a hango daga nesa a ɗauka wani babba ne ko jami'i ba. Wani abin da 'yan majalisa ba su sani ba, manyan lambobin da ake yi wa Hilux kirari da su na tirela mai birkin kanta ne. In ba birki, ita ma kilo 750 aka yanka mata, daidai da iyakar da ƙasashen Turai suka sa wa kowace tirela marar birki.

Na ɗan yi mafarkin Peugeot 504 doguwa irin ta mahaifinmu, haɗin Kaduna, mai tura kanta da ƙafar baya, wadda ba ta san wani abu wai shi nauyi ba. Na ga guda biyu. Tsatsa ta riga ni.

Sienna ce ta fi ɗaukar hankalina a takarda. Fulogi shida gare ta, doguwa ce, kuma doguwar mota ta fi gajera riƙe tirela kada ta yi rawa. In tana da kayan ja na kamfani an yarda mata laba 3,500, kusan kilo 1,590, ninki biyu na bukatata. Ga shi 'yan haya sun sa babu garin da za ka rasa bakaniken da ya san cikinta. Wani aminina ya ba ni aron tasa mai ƙugiya muka gwada. A kan kwalta kamar ba ta ja komai. Amma inda ake sauka daga titi a gangara hanyar fadama akwai wani kwari da ruwan damina ya ci, muna shiga ƙugiyar ta daki ƙasa ta kwashi yashi, don cikinta a ƙasa yake kuma gindinta ya yi nisa da tayar baya. Gaba kaɗan a rairayi tayoyin gaba suka fara haƙa rami. Nauyin wuya ya danne baya, gaba ya yi sauƙi, ita kuma da gaba take ja. Sai da masu shanu suka taimaka da igiya. Wanda tafiyarsa ba ta barin kwalta, daga nan zuwa Yauri ko Zuru, ni Sienna zan ce ya saya. Ni gonata ba a bakin titi take ba.

RAV4 kuwa kunya ta ba ni. Ganin tsayinta na ɗauka ta fi Corolla nesa ba kusa ba, ashe mai fulogi huɗu ita ma laba 1,500 ce, ba ƙari ko ɗaya. Sai mai fulogi shida ta 2006 zuwa 2012 ce ke kai 3,500 in da kayan ja, ita kuma ba ta cika yawa a wurin dillalai ba. Ƙofarta ta baya ma a gefe take buɗewa da safaya a goye, in an haɗa tirela sai ta tokari wuyan.

A ƙarshe Highlander 'yar 2009 na saya, mai fulogi shida, mai ja da ƙafa huɗu. A nan ma akwai tarko. Mota iri ɗaya, injin iri ɗaya, wata an rubuta mata laba 5,000, wata 2,000 kacal. Ba ƙarfin injin ne ya raba su ba, kayan sanyaya ne: mai babbar lambar ta zo daga kamfani da lagireto mai kauri da fanka mai ƙarfi da ƙarin abin sanyaya mai. Wato abin da ya dafa giyar Corollata shi masu ƙera motar suke tsoro. Dillalin bai san ma da wannan zance ba, shi dai yana ta nuna mini kujerun fata. Bakanikena ne ya shiga ƙarƙashi da tocila ya fito ya ce ba ta da su. Muka saye ta a haka don giyarta lafiya lau, ya ɗaura mata ɗan ƙaramin lagireton man giya a gaban babban. Duk da haka a lissafina mai laba 2,000 ce, kilo 907, don ƙarin da aka yi a garejin unguwa bai canza abin da ke rubuce ba. Akurkin yana ƙasa da haka, kuma yanzu da jarkoki wayam nake tafiya, in cika su a Argungu.

Ƙugiyar a wannan karo ba walda aka yi ba. Akwai ramukan kusoshi da kamfani ya tanada a jikin ƙashin motar, can aka ɗaure ta. Mai waldar ya ji haushi ƙwarai, har yau yana ganin raini ne. Sai kuma wani ɗan abin da ya ci mana yini guda. Bakin da ke wuyan akurkin na Turai ne da muka samo a panteka, an yi shi don dunƙulen ƙarfe mai milimita 50. Dunƙulen da ya zo da ƙugiyar na Amurka ne, inci 2, wato milimita 50.8. A ido ba ka raba su, amma bakin ya ƙi rufuwa. Wani yaro ya kawo shawarar a sa ƙaramin na Amurka mai inci 1 da bakwai bisa takwas, ya shige sumul, yana ƙwal-ƙwal a ciki. Wannan shi ne wanda gargada ɗaya za ta fitar, ka waiga ka ga ɗakinka yana bin ka a baya shi kaɗai. Muka jira aka kawo mai 50 daga Kano. Na sa sarƙa biyu a gicciye ƙarƙashin wuyan, don in ya kuɓuce ya faɗa a kansu kada ya caki ƙasa, aka kuma ja wayar fitilun birki da sigina, tun kafin jami'an kiyaye haɗurra su tuna mini.

Saura magana ɗaya da ban gama da ita ba. A littafin Highlander ɗin akwai layin da ya ce duk tirelar da ta haura laba 1,000, kilo 454, sai an yi mata birkin kanta. Akurkina ko tsinke babu a ciki ya wuce nan. Na ji gaskiyar layin a ƙafata ranar da garken awaki ya faɗo titi kusa da shiga Argungu: motar ta tsaya, amma na ji abin baya yana ingiza ni kamar mai cewa matsa. Akwai irin bakin da ke kama birki da kansa, in mota ta rage gudu nauyin tirelar ya turo shi sai ya ja birkin tayoyinta. Na ba wani ɗan'uwa da ke zuwa Kwatano saƙon ya nemo mini shi da ƙafafunsa. Kafin ya zo ba na wuce gudun 60, ba na tafiyar dare, kwana kuma sai a inda mutanen gari suka san ni. Uwargida ta ce ita ƙafarta ba za ta taka akurkin ba sai birkin ya iso, ko da za a yi bikin kamun kifi sau biyu a shekara. Jiya ɗan'uwan ya bugo waya yana tambaya ko ƙafa mai kusoshi huɗu nake so ko mai biyar, sai da na fita da tocila na ƙirga.