Tarun da ake yankewa

Talata. Zafin Rajkot, nan jihar Gujarat ta Indiya, yau ba magana. Lacca biyu, wanki, barcin rana da bai yi daɗi ba.

Bayan la'asar Kawu ya kira daga Yawuri. Ashe Auta ta nuna masa hoton kifin nan mai ɗigo-ɗigo da na sa bayan mun dawo daga Veraval, garin masunta a bakin teku. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kai ɗan nan, wannan giwan ruwan ƙasarsu ne?" Dariya har da tari.

Na ce Kawu ai wel shak ne, duk duniya babu kifin da ya kai shi, an taɓa auna wani ya haura mita 18. Kuma ba ya cin mutum, baki kawai yake buɗewa ya tace ƙananan halittun ruwa da ƙwan kifi. Na ce da can masuntan Gujarat ɗaruruwa suke kashewa a shekara, su shafe jirage da man hantarsa, su sayar da nama da fiffike. A 2001 Indiya ta haramta. A 2004 wani malamin Hindu, Morari Bapu, ya riƙa ce musu kifin nan 'yarsu ce ta zo gida haihuwa, wa ke taɓa 'yarsa? Yanzu in ya faɗa taru, yanke tarun suke yi su sake shi.

Shiru ya yi. Sai ya ce, "Su yanke taru? Da hannunsu? To wa zai biya?"

Na ce gwamnatin jihar tana ba da diyya.

"Yawwa. Da nan ka fara mana. Wa'azi ba ya ɗinke taru."

Maganar nan ta tsaya mini har yanzu. Ni da 'yan ajinmu muna ta yayata Morari Bapu, mutumin da ya san kuɗin zare kuwa tambaya ɗaya ya yi, kuma ina ganin shi ke da gaskiya.

Abin da ya ɓata mini rai daga baya shi ne, masunci ne kawai ake iya kamawa. Kifin nan yana son yawo a saman ruwa, manyan jiragen dakon kaya su buge shi, gawar ta nutse, ba mai gani, ba mai biya. A 2016 aka sa shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, fiye da rabinsu sun tafi cikin shekara 75. Ga shi sai ya kai wajen shekara 25 kafin ya isa haihuwa. Talaka ya yanke tarunsa, mai jirgi ya wuce abinsa.

Ban faɗa wa Kawu wannan ba, kati ya kusa ƙarewa.

Taliya da daddare. Yaya bai turo kuɗin ba. Kawu kuma ya ce lallai in tambayo masa nawa ake sayar da taru a Veraval.