Na rage wa CPU gudu, GTA V ya daina ƙamewa

'Yan uwa, yau farin ciki ya hana ni yin shiru. Laptop ɗin nan tawa mai CPU (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i5-8300H da katin hoto GTX 1050 Ti ta riƙe wasan GTA V a FPS 60 (hotuna 60 a kowace daƙiƙa) tun daga la'asar har aka kira magariba, ba ta ƙame ko sau ɗaya ba. Kuma ko ƙusa ban saya mata ba.

Kun san ciwon. A farkon wasa komai lafiya lau, can bayan minti 20 sai FPS ya zube ƙasa da 30, mota tana tafiya tana tsayawa. Na rage inuwa, na kashe MSAA (saitin da ke gyara gefen hotuna), na goge direban katin hoto da manhajar DDU na sauke sabo, data ta tafi a banza. Mai gyara ya buɗe ta, ya kwashe ƙurar hunturu da ta toshe bayan fanka, ya shafa wa CPU sabon man kwashe zafi, ya karɓi naira dubu 8. Kuɗin nan sun yi min ciwo, domin matsalar jinkirta zuwa kawai ta yi, ba ta tafi ba.

HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, ita ce ta tona asiri. Na bar ta a buɗe ina wasa, sai ga CPU a digiri 97 zuwa 99, alhali iyakarsa 100. Asalin gudun wannan CPU 2.3 GHz ne, amma turbo, wato ƙarin gudun da yake yi da kansa, yana kai shi har 4.0, kuma can yake hawa ko wasan bai nema ba. Ga shi bututun jan ƙarfe ɗaya yake kwashe zafinsa da na GPU, wato katin hoto, don haka idan ya ɗau zafi har maƙwabcinsa yake shafa, su biyun su rage gudu tare.

Na buɗe manhajar ThrottleStop zan rage wa CPU wuta, na tarar da FIVR, sashen da ake yin hakan, a kulle. Tun da aka gano ɓarakar tsaro ta Plundervolt a ƙarshen 2019, laptop da yawa sabon BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta) ya rufe musu wannan ƙofa, tawa ma tana ciki. Wallahi ranar kamar in yi kuka. Dabarar nan ta mayar da ƙarfin CPU kashi 99 a Windows kuwa turbo take kashewa gaba ɗaya. An samu sanyi, amma da na shiga tsakiyar Los Santos, birnin da ke cikin wasan, inda motoci suka yi yawa, FPS 45 ma da ƙyar.

Mafita tana cikin sashen TPL na ThrottleStop. Na sa Speed Shift Max a 32, wato kar CPU ya wuce 3.2 GHz. Zafi ya sauko wajen digiri 82 ya zauna daram. Daga nan na danna Ctrl+F a manhajar MSI Afterburner na miƙar da layin gudun GPU a 900 mV don rage masa wuta, na ɗaure FPS a 60 da manhajar RivaTuner don kar laptop ɗin ta riƙa wahalar da kanta a kan abin da allon ba zai nuna ba.

Babbar jarabawa tana nan tafe, zafin Maris da Afrilu. Wataƙila sai na sauko da Speed Shift Max zuwa 30 a lokacin. Mai i7-8750H a cikinku, don Allah ya gwada 32 da 34 ya faɗa min digirin da ya samu, ina son sanin yadda mai ƙwaƙwalwa shida zai yi.