Shekara Shida Ina Gudun Metironom

Ƙannena masu koyon kiɗa, na shekara shida ina kaɗa jita ban taɓa kunna metironom ba, wato na'urar da ke bugawa a kai a kai don daidaita saurin kiɗa, har alfahari nake yi da hakan. In an ce in gwada, sai in ce kiɗa daga zuciya yake fitowa, ba daga na'urar da ba ta san komai ba sai tak, tak, tak.

A sutudiyo asirina ya tonu. Muna tsakiyar ɗaukar sauti mai ganga ya ajiye sandunansa, ya ce, "Ɗan'uwa, kana gudu kana barin mu." Aka maido mana da abin da muka kaɗa, na ji da kunnena. Inda hannuna ya saba sai in fizga a guje, inda yatsu ke sarƙewa sai in ja ƙafa. Abin da nake kira shauƙi, ashe gazawar yatsu ce. Wannan rana ta yi mini ciwo sosai.

Daga baya na san cewa tun 1815 Johann Maelzel ya yi wa na'urar rajista, kuma a 1817 Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa, da kansa ya sa lambobinta a kan kiɗe-kiɗensa don a san saurin da yake nufi. To ni wane ne da zan raina ta?

Ku saita ta a 60, wato bugu ɗaya kowane sakan. Ku ware gaɓar da ke ba ku wuya, ita kaɗai, ku yi ta maimaitawa. Kada ku ƙara sauri sai kun kaɗa ta sau uku a jere babu tuntuɓe, sannan ku ƙara 4 kacal. Kaɗawa a hankali ta fi ta sauri wuya, don tsakanin bugu da bugu akwai fili, kuma hannu ƙaiƙayi yake yi ya riga lokaci. Ranar da sautinku ya hau kan bugun daidai har kuka daina jin tak ɗin, kamar ta mutu, kun kama hanya.

Amma na sake yin wani kuskuren: na jingina da ita har in an kashe ta sai in rikice. Yanzu nakan bar ta ta buga sau ɗaya a cikin bugu huɗu, sauran ukun ni nake riƙe su a raina. Kafin in tashi kuma nakan kashe ta gaba ɗaya, in kaɗa, in ɗauka a waya, in saurara.