Godiya ga makanikan da suka gano kukan bayan bas ɗinmu

Assalamu alaikum. A madadin direbobinmu muna miƙa godiya ga Baba mai gareji da yaransa, da 'yan uwa na Ƙofar Ruwa da suka nemo mana kaya masu kyau, bisa tsayuwar da suka yi a kan bas ɗinmu Hiace, wadda ta yi sati uku tana wani siririn kuka daga baya. Jiya ta hau titi shiru. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne ba a kwance ƙusa ko ɗaya ba sai da aka saurari motar. Ga yadda aka bi, don amfanin masu irin wannan matsala.

An fara da ita a tsaye. Aka murɗa makulli, aka kasa kunne wajen tanki, domin famfon mai idan ya gaji yakan yi kuka ko mota ba ta motsa ba, musamman in man ya yi ƙasa. Shiru. Aka taka totur a firi, nan ma shiru, injin ya fita daga zargi. Tayoyi kuma an shafa su da hannu, ba su ci a karkace ba.

Daga nan aka hau hanyar Zariya, yaro ɗaya na zaune a kujerar ƙarshe. Kukan yana tashi ne tsakanin kilomita 60 zuwa 80 a awa. Aka ɗan karkata sitiyari hagu da dama inda babu cunkoso. Da boris ɗin taya ne, ƙarar za ta ƙaru idan nauyi ya koma ɓangaren da ya lalace: ka karya hagu ta ƙaru, na dama ne. Wannan ko gezau. Amma da zarar an ɗaga ƙafa daga totur sai kukan ya fito fili, a sake takawa ya lafa. Nan Baba ya ce a koma gareji, ciwon yana cikin aksil, wajen boris ɗin ƙaramin haƙorin da farfela (sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil ɗin baya) ke juyawa. Da a ce lokacin takawa take kuka, haɗuwar ƙaramin haƙorin da babban da yake juyawa za a fi zargi.

A gareji an buɗe ƙusar zuba man aksil kafin ta tsiyayarwa. Wannan ƙa'ida ce, don in ka tsiyaye sannan ta sama ta ƙi kuntuwa ka shiga uku. Man ya kamata ya kai bakin ramin, amma yatsa bai taɓo shi ba. Wanda ya fito baƙi ne mai ƙauri, maganaɗisun ƙusar kuma ya kwaso ɓarɓashin ƙarfe mai walƙiya. Laushin toka-toka a jikinsa ba abin damuwa ba ne, ɓarɓashi ne ke nuna ɓarna.

Asalin ɓarnar ƙarama ce ƙwarai. Akwai 'yar hular numfashi a saman aksil, ƙura da laka suka toshe ta. Mai ya yi zafi, iska ta rasa mafita, ta tura shi ta sil ɗin gaba (robar da ke tare mai), yana ɗiga a hankali har boris ya bushe. A ƙurar Kano, duk mai mota mai jan baya ya riƙa duba wannan hula lokacin juyen mai.

An sauya boris biyu, da sil, da zoben da ke matsewa tsakaninsu, wanda ba a maimaita shi. Haƙoran sun tsira. An ɗaure notin ƙaramin haƙorin da ma'auni, ba da ƙarfin dantse ba, domin matsewa fiye da kima tana ƙone sabon boris cikin 'yan makonni. Tazarar haƙora an daidaita ta tsakanin milimita 0.13 da 0.18, aka zuba man giya GL-5 mai lamba 85W-90 har ya fara zubowa daga ramin.

Muna kuma gode wa yaron da ya zauna a baya yana saurare cikin zafin rana, da direbobin da suka ɗauke mana fasinjoji kwana biyun da motar ta yi a gareji. Baba ya ce a dawo da ita bayan sati ɗaya a duba sil ɗin, kuma in Allah Ya yarda za mu kawo ta ranar Asabar da safe.